Gudun tsirara a jami'o'in Amurka ba wasan yara ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in yi tsokaci kan al'adar gudun tsirara da ɗalibai ke yi a wasu jami'o'in Amurka, wadda ake yawan ba da labarinta kamar abin dariya. A Jami'ar Harvard, da tsakar daren jajibirin jarrabawa, ɗalibai kan tuɓe su zaga farfajiyar makarantar a guje, ko da cikin tsananin sanyin Disamba, wai don su sauke fargaba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne su kansu hukumomin jami'o'in sun sha kokawa da lamarin. A Jami'ar Princeton, inda a da ake gudun a daren da dusar ƙanƙara ta fara zuba, an haramta shi a 1999 bayan maye ya kai wasu ɗalibai asibiti, sannan Jami'ar Tufts ta bi sahu a 2011 saboda giya da raunuka. Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne wayoyin 'yan kallo, domin hoton da aka ɗauka a daren zai ci gaba da yawo a intanet har ranar da yaron zai fita neman aiki ko aure.

Naku,
Wani mahaifi daga Zariya