Yaranmu da ke cikin ramukan zinariya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun da aka gano zinariya a Jado, can arewacin Nijar, a 2014, sai kuma Cibarakatan kusa da iyakar Aljeriya, cin ranin samarin Adar ya sake alƙibla. Da zarar an gama girbin hatsi, sai ka ga an cika bayan mota an nufi Agadas.

Mu nan Tawa labarin wanda ya dace kawai ake bazawa: ya dawo da Hilux, ya gina gidan siminti. Sauran fa? Yaro ne ake zura wa igiya a ƙugu, fitila ɗaure a goshi, ya sauka rami mai zurfin gaske yana sarar dutse, ƙura na cika masa ƙirji. Ruwan sha sai tanka ta kawo daga nesa, da tsada. Mai ramin shi ke ciyar da su, in an samu ya fara cire kuɗinsa kafin a raba. In ba a samu ba, wata shida sun tafi a banza, ga bashi, ga tarin da ba ya jin magani. Masu wanke garin dutse kuwa da hannu suke dama zaiba, su ƙona ta suna shaƙar hayaƙin.

Mun ga yadda rami ya rufta a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi a Nuwamban 2021, mutane aƙalla 18 suka rasu. Rufe wuri ba ya hana mai yunwa haƙa. An rufe Jado a 2017, mutane suka watsu wasu wuraren. Ya kamata hukuma ta kai likita da ruwa, ta tilasta tokare ramuka, ta hana ƙananan yara sauka. Ku ma ku tura wakilinku ya gani da idonsa.

Wani mai karatu, daga Tawa