Wasiƙa zuwa ga ɗana mai shirin tafiya Samaru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya yi maka albarka. Na san za ka yi mamakin samun takarda a cikin jakarka alhali gida ɗaya muke kwana. Dalili shi ne duk ranar da na zaunar da kai a zaure, sai ka sunkuyar da kai kana “to Baba, to Baba”, in gama magana ka tashi ban san wadda ta shiga kunnenka ba. Takarda kuwa tana nan, in ka karanta yau ranka ya ɓaci, ka sake ɗaukowa bayan wata guda.

Maganar da ka yi wa ƙanwarka ta iso wurina. Kada ka yi mata faɗa, mahaifiyarku ta gaya wa, ita kuma ba ta iya kwana da irin wannan ita kaɗai. Wai ka ce karatun aikin gona ni na zaɓa maka, kai likitanci kake so, za ka je Zariya ne ka ɗan zauna don kada a ce ka ƙi bin maganata, baɗi ka sake rubuta JAMB. Kalmar “in ɗan zauna” ɗin nan ita ce ta hana ni barci, kuma zan dawo kanta. Amma bari in fara gaya maka inda za ka, don na lura ba ka san garin ba sai a bakin abokanka.

In kun wuce Malumfashi da Funtuwa kuka shiga ƙasar Giwa, ka leƙa ta taga. Za ka ga ƙasa ta sauya, masara ta fi gero yawa, itatuwa sun fi namu duhu, saboda damina tana riga tamu sauka can kuma tana daɗewa ba ta ɗauke ba. Daga nan sai Shika, inda asibitin koyarwa yake da cibiyar binciken dabbobi, sai Samaru, wato inda za a sauke ka a bakin babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Mutane da yawa sun yi shekaru a Samaru suna cewa sun zauna Zariya, alhali ba su taɓa wuce Kwangila da kasuwar Sabon Gari ba. Garin kashi-kashi ne. Akwai Sabon Gari da ya taso saboda jirgin ƙasa, inda za ka ji kowane yare na ƙasar nan. Akwai Tudun Wada, akwai Kongo inda masu karatun shari'a da na mulki suke, akwai Wusasa a gindin dutsen Kufena da tsohon asibitinta na mishan. Sannan ga birni cikin ganuwa, in ka shiga ta Ƙofar Doka ka miƙe har fada, ga masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina da ƙasa tun zamanin Sarki Abdulkarimu. Ka je ka yi Juma'a can ko sau ɗaya ne, ka ga aikin magina na da. Zage-zagi mutanen karatu ne tun kafin boko, kusan kowace unguwa a birni za ka tarar da zauren malami ana ɗaukar karatun littattafai bayan asuba.

Kada kuma ka ji kamar baƙo. Har zuwa 1987 jiha ɗaya muke da su, lokacin da aka cire Katsina daga Kaduna. Kwalejin Barewa da suke taƙama da ita a nan garinmu aka haife ta, ita ce Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda tsohon gininta yanzu ya zama gidan tarihi, ka sha wucewa ta gabansa. An mai da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Sardauna da Tafawa Ɓalewa duk a nan Katsina suka yi ta. Shi Sardaunan ne ya tsaya aka buɗe jami'ar da za ka shiga a 1962, kuma marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a cikinta ya yi digirinsa na kimiyyar sinadarai da koyarwa, ya gama a 1975. Ban da ita akwai makarantar koyon tuƙin jirgin sama, da depo na horar da kuratan soja, da makarantar horar da malamai, da foliteknik ta Nuhu Bamalli. Gari ne da ɗalibai ke riƙe da rabin cinikinsa, shi ya sa da an tafi hutu masu shayi da masu abinci a Samaru suke fara kuka.

Abin da nake so ka sani, wanda abokanka masu yi maka dariyar “za ka jami'a koyon kaftu” ba su sani ba, shi ne gona ta riga jami'a zuwa Samaru da shekara arba'in. Tun 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a wurin, ita ce ta zama cibiyar binciken aikin gona ta yanzu da ake kira IAR, jami'ar ta zo ta same ta. Ka tuna buhunan irin da nake kawowa gida lokacin ina aikin malamin gona, waɗanda kuke zama a kansu kuna wasa? Rubutun da ke jikinsu, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake, SAMSORG na dawa, SAMMAZ na masara, SAMCOT na auduga, farkon kowane suna daga Samaru aka ɗauko shi. Ina yaro a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta shigo Arewa. Na ga kakanka ya tsuguna a gonarmu ta bakin rafi, ya tuge kan gyaɗa ya karkaɗe, ganyen ya naɗe ya yi rawaya, saiwar ba ko ƙwaya ɗaya. Ya tuge na biyu, ya tuge na uku, sai ya miƙe ya kama hanyar gida bai ce wa kowa uffan ba. A shekarar ne aka sayar da shanun huɗarmu, sauran labarin ka sha ji wurin gwaggonka. Irin gyaɗar da ke jure wannan cuta, wanda ya sa mutanenmu suka koma nomanta, mutanen Samaru da abokan aikinsu ne suka yi shekaru suna auratayyar iri har suka fitar da shi. Na je kwas a can, na ga farfesa da furfurarsa ya naɗe ƙafar wando yana cikin kunya da ɗan littafi a hannu, yana ƙirga kwanson wake ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne karatun da kake jin kunyar faɗa wa mutane. Noma na duƙe tsohon ciniki ne, kowa ya zo duniya shi ya tarar, kai da kanka kuɗin rajistarka daga rumbu suka fito.

Kuma ka yi mini adalci. Ban hana ka likitanci ba. Makin da ka samu ka san shi, na san shi, ka kuma san inda masu shiga likitanci suke tsayawa. An ba ka gurbi, ɗaruruwan yara a unguwar nan suna zaune gida suna neman irinsa ba su samu ba. Da na bar ka ka ƙi karɓa ka zauna jiran baɗi, a majalisar bakin titi za ka yi jiran, ni kuma na ga abin da majalisar nan ta yi wa 'ya'yan mutane. Ƙarfina ya fara ja baya, ga ƙannenka huɗu a bayanka. Abin da na ga zai fisshe ka na zaɓa, kuma ko yau aka sake tambayata shi zan faɗa.

To ga abin da ke damuna. Kowa yana yi maka nasiha a kan ƙwaya da miyagun abokai da 'yan mata, ni waɗannan ban cika jin tsoronsu a kanka ba, na san tarbiyyar da aka yi maka. Tsorona shi ne yaron da ya shiga makaranta da rabin zuciya. Ba wanda zai tashe ka lakcar ƙarfe bakwai, ba wanda zai tambaye ka ina ka kwana. Ka ƙi shiga aji yau don kana karatun JAMB, gobe don sanyi, jibi don ai ba kwas ɗinka ba ne. Sakamako ya fito ka faɗi darasi biyu, ka ce za ka gyara kafin Baba ya sani. Zango na gaba su zama biyar. Wata rana a liƙa sunanka cikin waɗanda aka sallama, kai kuma kunya ta hana ka dawowa gida, sai ka kama ɗaki a bayan kasuwa, kana fita da jaka da safe kamar kowa, kana bugo waya ana tura maka kuɗin rajista da na handawut. Irin wuta-wuta ke nan a gonar dawa, tana can ƙarƙashin ƙasa tana tsotson saiwa, ranar da furenta ya fito mai gona ya gani, aikin gama ya riga ya gama.

Ba sai na kira suna ba, ka san gidan da wannan ya faru a danginmu. Kana da wayo lokacin da aka ɗinka anko, aka soya cincin da dubulan cike da bokitai, aka ɗauki shatar mota za a je bikin yaye ɗalibai. Ka ga yadda motar ta dawo. Ka ga baffanka tun daga ranar bai ƙara zama a sahun gaba a masallaci ba har Allah ya karɓi abinsa. Faɗuwa jarrabawa ba ta kashe kowa ba, ƙaryar shekara da shekaru ce ta karya shi. Wallahi ɗana, in ka yi mini haka ban san ko zan iya ɗaga ido in dube ka ba. Kuma kada ka ce ai kai ba za ka yi ba, shi ma wancan yaron kirki ne, ya fi ka haddar Alƙur'ani, da “in ɗan zauna” ya fara. Ka riga ka iya ɓoye mini abin da ke ranka kana ce mini “to”, ka kai wa yarinya ƙarama maganar da ni ya kamata ka kawo wa. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma gara ka sani.

Duk da haka ni mahaifinka ne, kuma ban haife ka don in tozarta ka ba. In ka faɗi darasi, ka kira ni a ranar, zan yi faɗa, faɗan zai wuce, mu nemi mafita tare. In ka shekara kana shiga aji da gaskiya, ka ga har yanzu zuciyarka tana wurin likitanci, ka zo mu zauna, ni da kaina zan biya kuɗin JAMB ɗin. Sharaɗina ɗaya ne, duk ƙarshen zango ka buɗe mini sakamakonka a waya in gani da idona, ba a baki ba. Karatun shekara biyar ne, a ta huɗu za a kai ku gona ku yi aiki da hannu, kuma yajin aikin malamai yana iya ƙara masa tsawo, na 2022 wata takwas ya ci. Ka shirya wa haƙuri.

Ka yi ƙoƙari ka samu gado a cikin makaranta, ko a ɗakunan kwana na Suleiman ko na Ɗanfodiyo, ya fi maka haya a waje sauƙi da tsaro. Za ka zauna da Kirista da Bayarabe da Ibo da mutanen kudancin Kaduna, ka zauna da kowa lafiya, ka riƙe sallarka. Duk taron da ba ka san wanda ya kira shi ba, na addini ne ko na siyasa, ka yi nesa da shi. Sanyin hunturun Samaru ba wasa ba ne, bargon da mahaifiyarka ta sa maka kada ka bar shi don nauyi. Ta haɗa maka ƙuli-ƙuli da garin kunu da yaji, kwalbar man shanun kuwa ta kawunka ce na Tudun Wada, ka kai masa da kanka a makon farko, ka durƙusa ka gaishe shi da kyau, don shi zan riƙa tambaya labarinka. In za ka zo gida ka fito da sassafe, kada la'asar ta same ka a hanyar Funtuwa, in mota ba ta cika da wuri ba ka kwana ka taso gobe.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka, ya ba ka ilimi mai amfani. Ka kira da zarar kun sauka.

Mahaifinka,
Katsina.