Ina Ake Samun Masanin Halayyar Ɗan Adam a Sakkwato?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in bayyana wata wahala da na sha kusan wata biyu, wadda na tabbata ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Ƙanwata ta dawo wurinmu a Mabera daga wani ƙauye na yankin Sabon Birni bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta. Ta gama takaba, amma barci bai dawo mata ba, kuma ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura jikinta yana rawa. Mun yi addu'a, an yi mata ruƙiyya, har yanzu ma ba mu daina ba. Likitan da ya duba ta saboda ciwon kai ya ce jikinta lafiya lau, abin da take bukata shi ne masanin halayyar ɗan Adam da zai riƙa zama da ita suna tattaunawa. Daga nan nema ya fara.

Duk wanda na tambaya, amsarsa ɗaya ce: a kai ta Kware. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke can alheri ne ga wannan yanki, sai dai kowa ya san yadda bakin mutanenmu ya mayar da sunan garin abin zolaya. Da jin haka mahaifiyarmu ta ce atafau 'yarta ba mahaukaciya ba ce. Na juya ga Facebook, inda na tarar da mutane da dama masu kiran kansu ƙwararru. Ɗaya daga cikinsu ya nemi in tura kuɗi tun kafin ya ji abin da ke damunta, da na tambaye shi inda ya yi karatu kuwa sai ya daina amsa waya.

Sai daga baya na fahimci cewa aiki biyu ne muke haɗawa wuri guda. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne da ya yi karatun likitanci sannan ya ƙware, yana rubuta magani, kuma hukumar MDCN mai kula da likitoci ce ke yi masa rajista. Shi kuwa masanin halayya ba ya rubuta magani. Aikinsa sauraro ne, da gwaji ta hanyar tambayoyi, da koya wa mutum yadda zai fuskanci tsoro ko baƙin cikin da ya danne shi, kuma wanda ke duba marasa lafiya yana bukatar digiri na biyu a fannin tare da horo a asibiti. Saboda haka ba rashin kunya ba ne a tambaye shi jami'ar da ya yi, da asibitin da ya samu horo, da ko yana cikin ƙungiyar masana halayya masu aikin asibiti ta Nijeriya. Hanyar da ta fi aminci ita ce a bi ta asibiti, kamar na Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a nemi likitan ƙwaƙwalwa ya tura mutum. Ta haka muka dace, kuma alhamdu lillahi ƙanwata ta fara samun barci.

A watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma doka ba ta gaya wa bazawarar da ta gudo daga Isa ko Goronyo ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, balle ranar da ake ganin marasa lafiya.

Roƙona shi ne jaridarku ta tura wakilinta Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da waɗannan asibitoci, ya samo mana sassan da masana halayya suke aiki, da ranakun zuwa, da kuɗin da ake biya, da ko akwai mata a cikinsu, domin mace da yawa ba za ta buɗe cikinta ga namiji ba. A buga shi da Hausa, a kuma miƙa wa gidajen rediyon jihar su karanta.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Mabera, Sakkwato.