Abba, kan dinyar nan da kace ka gani a bakin teku

Assalamu alaikum Abba. Ya karatu ya sanyi, da fatan kana lafiya. Mu nan kowa lafiya lau alhamdulillah, hunturu ya shigo da ƙarfinsa bana, hazo har baka hango bishiyar kukar bakin kasuwa da safe, Ummanka tuni ta fito da kaskon wuta tana cewa ko ya ɗanta yake yi a ƙasar da ruwa ke daskarewa a kwata.

Na ga hoton da ka turo a WhatsApp daren jiya, wanda kace baƙar dinyar Alaska ce ka tsinto cikin garken dinyoyin Saiberiya a Cley, ƙauyen nan na bakin teku a yankin Nofok na Ingila. Na sa tabarau na duba, na ba ƙanwarka ta buɗa min shi da yatsu har ya fashe, wallahi Abba abinda na gani bai wuce baƙin ɗigo a cikin hazo ba, da zaka ce min tukunya ce aka kife a gona ba zan musa maka ba. Ban ce ba ita bace fa. Tana zuwa gaɓar Nofok ɗin nan, ɗaya ko biyu sukan ɓato su biyo garken da ba nasu ba. Amma kai da bakinka kace nisanku ya yi yawa kuma rana ta kusa faɗuwa, sannan a ƙasa kace ka riga ka rubuta ta a littafinka har ka sanar wa abokan yawonka na kallon tsuntsaye. Wannan ne ya hana ni barci, shi yasa na zauna rubuta maka doguwar magana maimakon in kira ka muna yi netwok na yankewa.

Bari in baka wani labari da ban taɓa ba kowa ba, ko Ummanka. Ka san a Janairun 1990 an kai ni Ingila wani ɗan kwas na ƙidayar tsuntsaye, lokacin ina taya masu aikin fadamar Hadejia da Nguru. To a daidai lokacin akwai wani ɗan mitsitsin tsuntsu na Amurka ta Arewa, mai jan ƙirji da farar gira, irin masu sauko wa jikin itace kai a ƙasa, iska ta kwaso shi ta jefar a dajin itatuwan Holkham da ke gaɓar Nofok ɗin tun Oktoban 1989, ya zauna nan har watan Mayu, kuma ba a taɓa ganin irinsa a Birtaniya ba kafin nan. Mutane dubbai suka yi ta tururuwa. Baturen da ya sauke ni, dattijo mai kirki, ya ɗauke ni a motarsa tun da duhu. Muka tsaya cikin itatuwan nan wajen awa huɗu, ni da takalmina sau ciki na zuwa ofis, yatsun ƙafata tun ina jinsu har na daina ji, hancina na zuba ban ma sani ba. Can sai wani yace gashi nan, kowa ya ɗaga madubi, ni kuma hannuna na rawa gilashin ya yi gumi da numfashina, abinda na gani kawai reshe ne ya motsa wani abu ya gilma. Shikenan. Dattijon nan ya juyo fuskarsa cike da murna yace ka gan shi? Kunya ta kama ni, mutum ya ƙona mai ya ɓata ranarsa saboda ni, nace eh na gani. Ya rungume ni, da dare ya sa na rubuta sunan tsuntsun a littafina da hannuna. Littafin na adana shi cikin akwatin ƙarfe, shekara talatin da ɗoriya, duk sanda na buɗe shafin sai naji wani iri, don layin nan guda ya sa ni kaina ina shakkar sauran da na tabbata na gani.

Abin da nake so ka gane shine wannan harka gaba ɗaya akan amana take tafiya. Babu alƙali a wajen, kai ne da idonka sai Allah. Shi yasa su can tun 1959 suke da kwamiti na musamman da ke tantance duk wani baƙon tsuntsu da aka ce an gani, sai ka kawo bayani filla-filla ko hoto mai kyau kafin su karɓa, kuma wanda aka kama sau ɗaya yana ƙarin gishiri to ko gobe ya ga na gaske ba mai tashi daga kujerarsa. Kai kuma baƙo ne a cikinsu, ƙila kai kaɗai ne baƙar fata a bukkar nan da ake ɓuya a leƙi tsuntsaye, za a riƙe fuskarka da wuri, to gara a riƙe ta da cewa yaron nan in yace ya gani ya gani. Ka koma Cley ɗin da safe rana na bayanka. Ta Alaska cikinta ya fi duhu sosai, farin gefen haƙarƙarinta yana haske tas kamar an shafa alli, sannan farin da ke wuyanta ya fi faɗi har ya kan haɗe ta gaba kamar sarƙa, na sauran kuwa ɗan tabo ne gefe da gefe. In ka ga ukun nan ka rubuta, in biyu ka gani ka sa alamar tambaya da fensir, ba abin kunya bane. Mu a fadama rabin littafinmu alamar tambaya ne.

Sai maganar wayar nan taku da ke ƙara duk sanda wani ya ga wani abu, kowa ya zabura sai tashar jirgin ƙasa. Ƙanwarka ta tsegunta min cewa ka bar lakca ranar Talata ka tafi neman wani tsuntsu, kar kayi mata faɗa ni na matsa mata. Hausawa na cewa belbela ci da motsin wani, to wanda kullum sai an gano an sanar sannan ya ruga ya leƙa ya ƙara lamba a lissafinsa ai shine belbelar. Ni abinda na sani, ido yana buɗewa ne a kan tsuntsun yau da kullum. Sai ka kalli garken nan sau ɗari ka san tafiyarsu da kiwonsu da yadda 'ya'yan bana suka bambanta da iyayensu, ranar da baƙuwa ta shigo cikinsu idonka da kansa zai tsaya a kanta tun kafin ka san dalili, kamar yadda bafulatani ke gane saniyar da ba tasa ba a cikin ɗari biyu. Kuma kuɗin makarantar nan kasan yadda aka haɗa shi, ba sai na faɗa ba. Asabar da Lahadi sun ishe ka.

Tunda na ambaci belbela, ka san abin dariya, wannan belbelar da kuke jifa a bayan shanu kuna yara, a Ingila da baƙuwa ce ta gaske, mutane na tuƙa mota awa da awanni don su ganta, sai 2008 ta fara yin sheƙa a ƙasar a yankin Somerset. Mu kuma nan abinda Turawa ke biyo jirgi su zo gani a Dagona, matattarar tsuntsayen fadamarmu, wanda har Yarima Filip mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin ya zo a 1989, rabinsu tsuntsayensu ne da suka gudo wa sanyi suka tsallako Sahara suna cin shinkafar mutane a fadama. Na taɓa gaya maka maharbin da ya kawo min zobe daga ƙafar wani tsuntsu in karanta masa, duk a tsorace yana zaton laya ce ta aljanu, ashe lamba ce da adireshin wani wuri a Jamus.

Amma fa kar kaji kamar ina rage maka daɗin abin, wallahi ina maka sha'awa. Har yau in na rufe ido ina jin kukan dinyoyin nan masu ƙafa ruwan hoda da ke zuwa daga Aislan da Girinlan, suna kwana a kan laka a bakin teku, gari na wayewa su tashi dubbai layi bayan layi su nufi gonakin da aka cire gwozar sukari su ci ragowar, ƙarar kamar kasuwa ta tashi sama. In baka je bakin tekun Snettisham, nan cikin Nofok, ranar babbar cikowar teku ba to ka shirya kaje, ruwa na korar ƙananan tsuntsayen bakin laka dubun dubata su tashi gaba ɗaya suna murɗawa a sama kamar hayaƙi, in suka juya ciki su yi fari in suka juya baya su yi duhu, ka tuna jan baki in sun sauko wa gero, to haka amma a kan teku. Ka gwada ƙidaya su yadda na koya maka a kwalekwale, ka ƙirga goma ka riƙe girmansu a ido, ka auna goma goma har ɗari, sannan ka dinga yanka garken ɗari ɗari, in sun tashi ka fara daga farko ba tare da tsaki ba.

Yanzu maganar da Ummanka tace lallai in sa, kuma tana da gaskiya. Teku ba kogin Yobe bane. Namu ruwan sau ɗaya yake zuwa a shekara kuma yana sallama, nasu sau biyu yake cikowa ya janye a kwana guda, kullum lokacin na matsawa da kusan minti hamsin, kuma mafi girma yana zuwa ne kwana ɗaya biyu bayan tsayuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu, kaga kai da kake bin lissafin wata ka ma fi su sauƙin tunawa. Wurin shimfiɗe yake, zaka ga laka da yashi iya ganinka kace ai ruwan yayi nisa, alhali yana zagayowa ta ƙoramu a bayanka ya datse hanya kana can kana leƙen tsuntsu. A Fabrairun 2004 a bakin tekun Morecambe na Ingila mutane sama da ashirin 'yan ƙasar Sin masu tsintar ƙumba haka ruwa ya rutsa da su da dare, baƙi ne su ma basu san halin wurin ba. Ita kanta Cley ɗin a Disambar 2013 teku ya ɓalle ya shanye ta. Don haka ka duba jadawalin cikowar ruwa kafin ka fita, kar ka sauka daga kan hanyar da aka yi, ka gaya wa wani inda zaka da sanda zaka dawo, waya a cike da caji a aljihun ciki don sanyi na shanye batir, in wani abu ya faru 999 kace a haɗa ka da masu gadin gaɓar teku. Kaya kuma ka jera su bibbiyu uku maimakon ƙatuwar riga ɗaya, safa mai kauri, takalmin roba, hula mai rufe kunne, fulas na shayi da citta. Kar ka maimaita sau cikina.

In ka ga mataccen tsuntsu ko wanda ke layi kar ka taɓa, murar tsuntsaye ta yi musu ɓarna sosai a gaɓar Birtaniya a 2022, mu ma ai mun ga yadda ta yi da kajin mutane tun da ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006. Shi kuma baƙon tsuntsun in Allah ya haɗa ku kar ka matsa masa don hoto, ya ƙetaro teku ne a gajiye, ranar hunturu gajera ce, duk tashin da ka sa ya yi abincin da zai kwana da shi ne ka rage masa. Haka in a gidan mutane ya sauka. A Janairun 2008 wani ɗan tsuntsun Amurka mai farin rawani ya sauka a ƙofar wani gida a ƙauyen Cley, jama'a suka yi layi cikin ladabi kowa na jefa abinda ya samu a bokiti, kuɗin aka gyara cocin garin da shi har suka sa hoton tsuntsun a gilashin taga, in ka je ka leƙa ka gani ka ban labari.

Sallah kuma ka lura, rana na fitowa bayan takwas ta faɗi kafin huɗu, azahar da la'asar da magariba duk a cikin yawon zasu same ka, ka fita da alwalarka da 'yar darduma a jaka, bayan bukkar leƙen ma ya isa in ba mutane.

Ummanka ta haɗa maka kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, kilishin ne dai nace ta bari tunda ba a shiga da nama, za ta ba ɗan gidan maƙwabcinmu da zai taho ƙarshen wata. Na sa tsohon littafin nawa a ciki, shafin Janairu 1990 zaka ga na ja layi a kan sunan da jan biro, jiya na ja shi bayan na gama kallon hotonka. In ka koma ka turo min wani ko da bai fito ba, kuma in ka ci karo da belbela a can ka ɗauko min ita in nuna wa su Malam a majalisa don sun ƙi yarda. Kowa na gaishe ka, Allah ya tsare ya bada sa'a.

Babanka