Ba Foucault ne ya kashe gaskiya ba, amma akwai bashin da bai biya ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sammini fili a wannan jarida mai farin jini in tanka wa malamin da ya yi sharhi a shafin ra'ayi kan masanan da ake kira 'yan bayan-zamani. Malamin ya yi musu kuɗin goro. Ya ce su ne suka koya wa duniya cewa babu gaskiya, kowa da tasa, kuma a wuyansu ya rataya alhakin ƙarairayin da suka cika intanet a yau. Na daɗe ina koyar da ra'o'in siyasa, kuma ni ba almajirin mutanen nan ba ne. Amma hukuncin ya yi gaggawa, sannan ya tsallake wurin da ya kamata a kama su da gaske.

Da farko dai, ba jam'iyya ba ce mai shugaba da kati. Michel Foucault, masanin falsafa ɗan Faransa, bai taɓa amsa wannan laƙabi ba, kuma shi da takwaransa Jacques Derrida sun yi shekaru ba sa ga-maciji saboda saɓani kan yadda ake karanta Descartes, wani tsohon masanin falsafar ƙasarsu. Wanda ya yayata sunan a fagen falsafa shi ne Jean-François Lyotard, a rahoton da ya rubuta wa majalisar jami'o'in lardin Quebec na Kanada a 1979. Abin da ya ce shi ne mutane sun daina gaskata manyan alkawuran da Turai ta yi wa kanta, wato kimiyya za ta kai kowa tudun mun tsira, ko juyin juya halin ma'aikata zai 'yanta ɗan Adam baki ɗaya. Wanda ya ga yaƙin duniya biyu, ya ji labarin sansanin kisan 'yan Nazi na Auschwitz da sansanonin Stalin, ai ba sai wani farfesa ya koya masa shakka ba. Lyotard ya faɗi abin da ya tarar ne.

Shi kuwa Foucault, da malaminmu ya buɗe littafinsa na 1975 kan tarihin gidan yari, da ya tarar da mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakunan ajiye tsofaffin takardu. Littafin ya fara ne da kisan wani Damiens a birnin Faris a 1757, wanda ya soki Sarki Louis na 15 da wuƙa. An ƙone masa hannu da farar wuta, an fizge naman jikinsa da awartaki mai zafi, an zuba narkakkiyar dalma a raunukan, sannan aka ɗaure gaɓoɓinsa a jikin dawakai huɗu. Da suka kasa raba shi aka ƙaro biyu, daga ƙarshe sai da aka sa wuƙa. Duk a bainar jama'a. Daga nan sai marubucin ya kawo jadawalin wani gidan horon yara masu laifi a wannan birni, kimanin shekara 80 bayan haka: a tashi ƙarfe shida lokacin sanyi, ƙarfe biyar lokacin zafi, a buga ganga a sa kaya, a sake bugawa a yi layi, aiki awa tara, karatu awa biyu. Babu jini ko ɗigo.

Kowa zai ce an ci gaba, kuma an ci gaba ɗin, ni dai ba na kewar dawakan nan. Tambayar Foucault ita ce, iko ya ragu ne ko kuwa ya sake salo? Sarki yana damƙar jikin mutum ɗaya rana ɗaya, taron 'yan kallo ma wani lokaci ya juya ya goyi bayan mai laifin. Jadawali kuwa yana riƙe da dubbai kullum, cikin rahusa, ba hayaniya. Ya kawo zanen kurkukun da Jeremy Bentham ya wallafa a 1791: ɗakuna a kewaye, hasumiya a tsakiya, mai gadi yana ganin kowa, fursuna ba ya iya sanin ko ana kallonsa a wannan lokacin. Tunda bai sani ba, sai ya zama mai gadin kansa. Daga nan ya nuna irin wannan dabara a barikin soja da masana'anta da asibiti da aji: rajista, jarrabawa, fayil, ma'aunin da ke cewa wannan lafiyayye ne wancan karkatacce. Duk mai ɗauke da wayar da ke sanar da wani kamfani inda ya kwana da abin da ya nema da tsakar dare, ba zai ce wannan tatsuniya ba ce.

Haka Edward Said, Bafalasɗinen da ya koyar a Jami'ar Columbia. A littafinsa Orientalism na 1978 ya tuna mana cewa da Napoleon ya mamaye Masar a 1798, ba sojoji kaɗai ya tafi da su ba. Ya ɗebi masana fiye da 150, suka auna ƙasa, suka zana gine-gine, suka rubuta halayen mutane, aka fara buga aikin a manyan kundaye daga 1809. Said bai ce kogin Nilu ba ya nan ba. Cewa ya yi wanda ya ci ka da yaƙi shi ne kuma ya rubuta ko kai wane ne, har ya zama jikokinka a littafinsa za su nemi labarinka. V. Y. Mudimbe ya bi wannan sawu game da Afirka a 1988. Wannan ilimi ne mai amfani, ban ga dalilin da zai sa wanda aka taɓa yi wa mulkin mallaka ya jefar da shi ba.

To, inda nake tare da malamin, kuma inda nake ganin ya yi sassauci ma, shi ne batun adalci. A 1971 gidan talabijin na Holan ya haɗa Foucault da Noam Chomsky, masanin harshe ɗan Amurka, muhawara. Chomsky ya tsaya kan cewa mutum yana yaƙar zalunci ne saboda yana hangen wani abu da ya fi adalci. Foucault ya ce shi a ganinsa ita kanta kalmar adalci makami ce da ɓangarori ke amfani da ita, kuma talakawa suna faɗa ne don su karɓi iko, ba don sun fi gaskiya ba. In haka ne, me zai sa in goyi bayan fursuna a kan mai gadi? In gobe fursunan ya hau hasumiyar, da wane baki zan ce masa ya yi ba daidai ba? Nancy Fraser ta yi masa wannan tambaya a rubuce a 1981, Jürgen Habermas ma ya matsa a kanta, har shi Said daga baya ya koka cewa Foucault ya zana iko kamar abin da ba a iya kuɓuce masa. Na karanta amsoshin da magoya bayansa suke bayarwa, ba wadda ta gamsar da ni. Foucault ya rasu a 1984 da wannan bashi a kansa.

Akwai kuma son burgewa. Jean Baudrillard ya rubuta maƙaloli a jaridar Libération a 1991, ta ƙarshensu tana cewa yaƙin Tekun Fasha bai faru ba. Na san abin da yake nufi: abin da aka nuna wa duniya a talabijin shiri ne da aka tace, ba yaƙi ba. Amma a ranar 13 ga Fabrairun shekarar, bama-baman Amurka sun faɗa kan maɓoyar Amiriya a Bagadaza, fararen hula fiye da 400 suka ƙone. Akwai maganar da ko da tana da ma'ana a aji, kunya ta isa ta hana mutum faɗinta. Shi ya sa ban ji tausayin mujallar Social Text ba da Alan Sokal, malamin fiziya a New York, ya aika mata da maƙalar shirme da gangan, cike da manyan kalmomi da yabon editoci, suka buga a 1996 ba tare da sun nuna wa wani masanin fiziya ba. Daga baya ya gayyaci duk mai ganin dokokin fiziya al'ada ce kawai da ya zo ya gwada ta tagar gidansa, a hawa na 21.

Ina ganin 'ya'yan wannan ɗabi'a a kundayen ɗalibai. Wani ya taɓa rubuto min babi guda yana cewa alƙaluman mace-macen jarirai zance ne kawai da masu iko suka ƙirƙira, ya jera sunayen Faransawa biyar a shafi ɗaya, babu wanda ya karanta a cikinsu sai ta bakin wani. Na tambaye shi ko makin da zan ba shi shi ma zance ne kawai. Ya yi dariya, ya koma ya nemo yadda ake tattara alƙaluman, wa ake ƙirgawa, wa ake mantawa, wa ke biyan kuɗin aikin. Babin da ya dawo da shi ya fi kusa da aikin Foucault nesa ba kusa ba.

Amma a ce waɗannan malamai ne suka haifi ƙaryar zamani, wannan ba su girman da ba su kai ba ne. Tun a 1969 wata takardar cikin gida ta wani kamfanin sigari a Amurka ta bayyana cewa shakka ita ce hajarsu, domin da ita za su kara da hujjojin da ke danganta taba da sankara. Lokacin Lyotard bai rubuta rahotonsa ba. Masu kuɗi da masu mulki ba su taɓa jiran izinin jami'a kafin su rikita jama'a ba. Abin da za a iya cewa shi ne abin da Bruno Latour, ɗan gida, ya faɗa a 2004: ya firgita da ya ga masu musun sauyin yanayi suna amfani da irin dabarun da shi da abokansa suka koyar.

Ga wani labari da nake so malamin ya duba. A watan Yunin 1957 sojojin Faransa suka kama Maurice Audin a birnin Aljiyas, matashi ɗan shekara 25, malamin lissafi mai goyon bayan 'yancin Aljeriya. Ba a sake ganinsa ba. Soja suka ce ya tsere ne ana cikin sauya masa wurin tsaro. Wani matashin masanin tarihi, Pierre Vidal-Naquet, ya zauna ya jera takardu da lokuta da bayanan shaidu, ya wallafa a 1958 cewa labarin tserewar ƙagagge ne. Matar Audin, Josette, ta shekara 61 tana neman a faɗi abin da ya faru, sai a Satumban 2018 Shugaba Macron na Faransa ya je gidanta ya amsa cewa hukuma ce ke da alhakin azabtar da mijinta da mutuwarsa. Da an ce wa matar nan kowa da gaskiyarsa, da an ba soja nasara a ɓagas, domin su ke da bindiga da rediyo da hatimi, ita kuwa abin da ya faru kaɗai take da shi.

Abin da ya sa na kawo shi: wannan Vidal-Naquet ɗin yana cikin mutum uku da suka sa hannu aka kafa ƙungiyar binciken halin gidajen yari a Faransa a Fabrairun 1971, tare da Jean-Marie Domenach da Foucault. Aikinsu shi ne raba takardun tambayoyi ga iyalan fursunoni a bakin kurkuku, a shigar da su a ɓoye, a ji me ake ci, mutum nawa ne a ɗaki, wa aka doka, wa ya kashe kansa, sannan a buga. Mutumin da ake zargi da kashe gaskiya ke nan, yana tsaye a layi yana tattara ta. Ra'insa bai iya bayyana dalilin da ya kai shi bakin ƙofar ba, amma ya je, kuma a ganina a wannan giɓi ne ya kamata mai suka ya sa yatsa.

Don haka, Malam Edita, ina roƙon malamin ya dawo shafin nan ya faɗa mana a wane littafi, a wane babi, Foucault ko Said ya ce babu gaskiya. In kuma kana da sarari, ka ware mana mako biyu ko uku a tattauna muhawarar 1971 ɗin nan da Hausa, ni zan ɗauki ɓangaren Chomsky, shi ko wani ya kare ɗaya ɓangaren.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin kimiyyar siyasa, mai karanta ku kowane mako