Sarkin da ya miƙa kuɗin jirgi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan Sarki Olav na Biyar na Norway, wanda ya yi sarauta daga 1957 har rasuwarsa a 1991.

Wani hotonsa na 1973 ne ya tsaya mini a rai. Ana tsakiyar wahalar man fetur, gwamnati ta hana tuƙa mota a ƙarshen mako. Sarki guda, sai ga shi zaune cikin jirgin ƙasan Oslo tare da talakawa, yana miƙa wa kwandasta kuɗi. Ba jiniya, ba jerin gwano.

E, ya ci zinare a tseren jiragen ruwa na Olamfik a 1928, amma ni hoton nan nake roƙon ku buga.

Naku,
Mai karatu daga Zariya