Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan haƙorin da yake shirin cirewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana samun sauƙi kai da iyalinka, na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira ka a waya, domin na san halinka: da na fara magana za ka ce "Baba, ba komai, da sauƙi," ka kai zancen wani wuri. Ƙanwarka ce ta faɗa mini, kuma kada ka ga laifinta, ni na matsa mata. Ta ce wata huɗu ke nan akwai wani miki a dasashinka na ƙasa, a gefen da aka yi maka gashin ciwon daji da hasken na'ura, ya ƙi warkewa har ana hango farin ƙashi a cikinsa. Ta ce haƙorin da ke kusa da shi yana girgiɗi, kuma ka ce za ka je duk inda ka samu a cire maka shi ka huta. Tun da na ji wannan maganar barci ya ƙaurace mini.

Kada ka bari kowa ya cire haƙorin nan. Ko da ka yi watsi da duk abin da zan faɗa a ƙasa, wannan ka riƙe shi.

Na ɗauko littafin nan mai koren bango da nake rubuce-rubuce a ciki lokacin jinyarka, wanda kai da ’yan uwanka kuke yi mini dariya a kansa, na je na sami likita na zauna da shi. A littafin akwai komai: zama 35 cikin mako bakwai, kwana biyar kowane mako, jimillar 70 a ma'aunin hasken da suke kira gire. Ina tuna ka kwance, an ɗaure kanka da abin rufe fuskar nan na roba da aka ƙera daidai fuskarka, ni kuma ina waje ina ƙirga mintoci. Likitan ya ce hasken da ya kashe ciwon dajin ya kuma ƙuntata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙashin muƙamuƙi, kuma haɗarin yana ƙaruwa idan abin da ƙashin ya sha ya haura gire 60. Ƙashin ƙasa ya fi na sama shiga wannan hali, saboda ya fi tauri kuma hanyoyin jininsa ba su da yawa. Ƙashi irin wannan yana iya zama shekaru lafiya lau, amma ranar da aka ji masa rauni ba shi da ƙarfin gyara kansa, sai wurin ya mutu. A wurinsu, ƙashin da ya bayyana a inda aka yi gashi ya kuma wuce wata uku bai rufe ba, sun ba shi sunan cuta. Naka ya kai huɗu. Kuma babban abin da ke tayar da ita, ko ya faɗaɗa ta, shi ne cire haƙori.

Ka fahimci abin da nake tsoro? Mutumin da bai san tarihinka ba zai duba bakinka, ya ga haƙori mai girgiɗi kamar na kowa, ya sa ƙarfe ya fizge shi cikin minti goma, ka yi masa godiya ka fita. Ramin da zai bari, wanda a bakin wani zai cike cikin makonni, a naka yana iya zama ƙofar da ruɓa za ta bi ta ci ƙashin, mugunya ta huda fata ta fito ta ƙasan haɓa, buɗe baki ya gagara, har muƙamuƙin ya karye da kansa ba tare da an buge ka ba. Ba don in firgita ka na rubuta wannan ba, haka aka faɗa mini, ni ma haka na kwana da shi.

Na ji kuma abin da ka faɗa wa mahaifiyarka, cewa ni na matsa a yi gashin, ga shi yanzu ya bar ka da busasshen baki da haƙoran da ke lalacewa. E, ni na matsa, kuma da za a mayar da mu wancan lokacin zan sake matsawa, domin ina da ɗa da zan rubuta wa wasiƙa a yau. Abu ɗaya ne nake ganin laifina a kai. An ce mana a duba haƙoranka a cire marasa kyau, a bar wurin ya warke kamar mako biyu kafin a fara, ni kuma na ce ba mu da mako biyun da za mu bayar. Tsoro ne ya sa ni, ba rashin sani ba. Amma kuskurena na jiya ba ya ba ka izinin yin naka a yau. Kai ba yaro ba ne, kana da ’ya’ya, kuma ɓoye ciwo wata huɗu kana kurkure baki kana rufe shi da hannu idan za ka yi dariya ba jarumta ba ce. Idan kuma gaskiya ne ka koma shan taba, to ka sani kana ƙara toshe ’yar hanyar jinin da ta rage wa ƙashin nan da hannunka, kuma ban yarda ba.

Na san dalilin da ya sa ba ka son komawa asibiti, ko da ba ka faɗa ba. Kana tsoron a ce maka ciwon ya dawo. Gaskiya ne za su so su tabbatar, domin mataccen ƙashi da dawowar ciwon daji suna iya kama da juna a ido, shi ya sa za su ɗauki hoton muƙamuƙin gaba ɗaya, wataƙila da na CT, wataƙila kuma su yanki ɗan nama su kai ɗakin gwaji. Ni ma wannan gwajin yana tsinka mini zuciya. Sai dai zama a gida ba ya canza abin da ke cikin bakin.

Wanda za ka nema shi ne likitan tiyatar baki da muƙamuƙi, wanda ya saba da masu jinya irin taka, kuma ka tafi da takardun gashin da ke nuna adadin da aka ba ka da wurin da aka haska. Idan abin bai yi nisa ba, sukan fara da tsaftace wurin, da maganin kurkure baki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta idan ya harbu, su cire ɓarɓashin ƙashin da ya riga ya rabu. Akwai haɗin wani magani mai suna pentoxifylline da bitamin E da likitoci a Faransa suka yi fice da shi, wanda ake sha watanni masu yawa. Ka tambaya ko ya dace da kai, kada ka saya da kanka. Za ka ji ana maganar ɗakin iskar oksijin mai matsi, wanda wani likitan Amurka, Robert Marx, ya yaɗa tun 1983. Likitoci sun rabu a kansa, kuma wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2019 bai nuna yana ƙara kariya kafin cire haƙori ba, don haka kada ka ɗora dukan begenka a kai. Idan kuma ya yi nisa, sukan yanke ɓangaren da ya mutu su ɗauko siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri tare da jijiyoyinsa su dasa a wurin. Babban aiki ne, ana yinsa ana kuma tashi, amma ba na son jinkiri ya kai mu can.

Haƙorin nan, idan cire shi ya zama dole, su ne za su yanke shawara, su cire shi da shirinsu. Idan kuma ka ji leɓenka na ƙasa ya daina jin taɓi, ko fuskar ta kumbura da zazzaɓi, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka tafi a ranar.

Mahaifiyarka ba ta san an ga ƙashi ba, na bar maka kai ka faɗa mata. Ka sanar da ni ranar da za ka ga likitan, zan zo da littafin mu shiga tare, kuma na yi alkawari ba zan katse ka ba idan kana magana. Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya yi maka albarka.

Ni ne,
Mahaifinka.